Hancin Baffa Usumanu

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai a tare ni, a majalisar bakin masallaci a tare ni, har mai kayan miyan unguwarmu ya tsayar da ni yana so ya ji ko da gaske akwai garuruwan da ake Hausa zalla a can. Wasu kuma tambayarsu ɗaya ce: tsohon da na je dubawa, ya rasu ko yana nan? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Mahaifina, Malam Sa'adu, ƙanensa ɗaya ne a duniya, sunansa Usumanu. Suna samari suka bar ƙauyenmu na gabas da Sakkwato da niyyar aikin Hajji ta ƙasa. Sun kai Maiduguri labari ya iske su cewa mahaifiyarsu ta kwanta ciwo. Baba ya ce wa ƙanensa ya ci gaba, shi zai koma ya duba ta ya biyo shi. Bai biyo shi ba. Tsohuwa ta daɗe tana jinya, aure ya zo, mu ma muka zo. Baffa Usumanu ya yi ta jira a hanya yana ƙwadagon gona, har ya gaji ya sauke farali shi kaɗai, ya dawo ya zauna a wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Hujar, a bakin kogi. Sama da shekara hamsin ba su sa juna a ido ba. A da wasiƙa ce a hannun alhazai, yanzu kuma waya.

Ana gab da yi mana dogon hutu a makaranta 'yar Baffa, Batula, ta kira. Ta ce ciwon fuskar da babansu ya daɗe yana fama da shi ya tsananta, ya ƙi asibiti, ya fara raba kayansa. Baba ya saurara har ta gama, ya ajiye wayar a kan tabarma. Shi yanzu idonsa ya raunana, gwiwa ba ta kai shi ko Juma'a sai a mota.

Ya ce, "Nasiru, kai za ka je. Ka ce masa na ce zan biyo shi ban biyo shi ba. Ya yafe mini."

Iyakar saƙon ke nan. Sauran duk tsaraba ce: goro, garin kuka, kilishi, da daddawar da Inna ta naɗe a leda uku ta ce in kula kada ta taɓa tufafina.

Daga Kano na hau jirgi. A filin jirgin Khartoum daddawar nan ta so ta ja mini kwana. Jami'in da ke duba kaya ya zuge jakata, ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu, bai kai ta uku ba ya ja da baya yana toshe hanci, ya yafito abokin aikinsa. Ni kuma na ga lokacin amfani da Larabcin da na koya a Islamiyya ya yi. Na gyara tsayuwa, na jero masa bayani da cikakken i'irabi, cewa wannan abu ne da ake sarrafawa daga 'ya'yan itaciya, ana sanya shi a cikin miya. Suka dube ni, suka dubi juna, suka fashe da dariya. Ɗayan ya ce wani abu da daga baya na gane cewa ya yi, "Wannan huɗuba yake mana." Ya ɗaure ledar da hannu ɗaya yana kau da kai, ya ce in kwashe in tafi, Allah Ya ba mai ci lafiya.

Ɗan Baffa, Attayib, shi ya tarye ni. Magidanci ne, ya kusa arba'in, kafaɗarsa da tafiyarsa irin ta gidanmu, amma Hausarsa rabi ce. Ya dafa kafaɗata, ya rungume ni, ya sake ya kama hannuna, ya sake dafa kafaɗar, yana ta jero gaisuwa ba ya jiran amsa. Na ɗauka mu Sakkwatawa mun iya doguwar gaisuwa, ashe yara ne mu. Da ya gama ya ce, "Kai kwayis? Baba kwayis? Yalla, mu tahi bas." Kwayis ɗin nan ita ce "lafiya" a Larabcinsu.

Babbar mota muka shiga muka yi kudu. Damina ce, gonakin Jazira shar, ga magudanan ruwa miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Wajen ƙarfe goma da rabi mota ta tsaya aka ce a sauka a karya. Na ce wa Attayib ai ni na karya tun da safe. Ya ce wancan shayi ne, wannan shi ne karin kumallo. Aka kawo wake dafaffe an dame shi da man riɗi da albasa a babban kwano, da burodi. Kafin in wanke hannu mutum uku da ban taɓa gani ba sun matso sun sa nasu, wani daga can gefe yana kiranmu mu je mu ci nasa. A nan na fara gane cewa a ƙasar nan cin abinci kai kaɗai kusan laifi ne.

Bayan Sinnar akwai shingen jami'an tsaro. Ni kaɗai ne baƙo a motar, aka ce in sauko da takarduna. Wani dogon soja ya karɓi fasfona yana jujjuyawa. Ya kai inda aka rubuta garin haihuwa, ya tsaya, ya ɗago.

"Sakkwato?" ya ce. "To ina gajiya?"

Ashe ɗan garin Mai Wurno ne, wani gari na mutanenmu a nan kusa da Sinnar. Ya ce kakan kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasarmu, shi kuwa bai taɓa ganin wanda ya kwana a Sakkwato shekaranjiya ba. Ya zaunar da ni a benci, ya sa mai shayi ta zubo mini gahawa mai citta, yana tambayata ko har yanzu ana ziyarar Hubbare, ko kogin Rima yana ƙafewa da rani. Direba ya yi ta danna oda har ya gaji ya sauko, aka zuba masa shi ma.

A Sinja muka sauya zuwa ƙaramar mota. A can in mutum zai sauka ba ya magana, ƙyasta yatsu yake yi, yaron mota ya ji ya tsayar da direba. Ni ban sani ba. Attayib ya yi gyangyaɗi, na hango allon da ya kwatanta mini mun wuce shi, na ɗaga murya na ce, "Direba, akwai!" Motar ta yi tsit. Sai wata tsohuwa a baya ta ce da Hausa, "Ɗan nan, akwai mi?" Aka yi ta dariya har muka sauka.

Daga kwalta zuwa ƙauyen babu hanyar mota da damina. Ƙasar baƙa ce, in ta sha ruwa sai ta zama kamar ƙullin tuwo. Taku na uku ta haɗiye mini takalmi ɗaya, na sa hannu har gwiwar hannu ban same shi ba. Ina tsaye da ƙafa ɗaya wani dattijo ya iso da amalanken jaki. Attayib ya ce maƙwabcinsu ne, Malam Idirisu. Muka hau. Muna tafe dattijon ya shafa bayan jakin ya ce, "Wanga na Baffanka ne. Makon jiya ya kira ni ya ce ya ba ni har amalanken, wai shi ya gama da su. Na ce ba ni so, ya rantse." Haka muka shiga gari.

Na sami Baffa a ƙarƙashin rumfa, a kan gadon igiya irin nasu, ya jingina da matasai uku. Kamarsa ɗaya da Baba, sai dai shi baki a buɗe yake, da shi yake numfashi. A gefen goshinsa dama da hagu akwai baƙin tabon sakiya. Na durƙusa. Ya shafa fuskata da tafin hannunsa, ya ce da wata murya kamar ta wanda aka toshe wa hanci da auduga, "Sa'adu ne sak. Har kunnen."

Matarsa, Inna Hauwa, ba ta jira an buɗe jaka ba. Tana ajiye mini ruwa ta shaƙi iska ta ce, "Wallahi daddawar gida ce a jakar nan." Aka kwance. Yaran gidan suka watse suna toshe hanci, ita kuwa har da ƙwalla. Baffa ya miƙo hannu aka ba shi dunƙule ɗaya. Ya kai hanci, ya yi ƙoƙarin shaƙa, ya juya ta, ya sake kaiwa. Sai ya mayar wa matarsa.

"Kamar dutse na riƙa," ya ce. "Shekara uku ke nan ban ji ƙanshin komai ba. Abinci ma duk ɗaya ne a bakina."

Ya kwatanta mini ciwon. Ya ce ba sara ba ne, ba suka ba ne, nauyi ne, kamar an ɗora masa dutsen niƙa a kan kumatu da tsakanin idanu. In ya sunkuya sai ya ji fuskar za ta zazzago. Rabonsa da kai goshi ƙasa tun azumin bara, a zaune yake salla yana nuni. An cire masa haƙora biyu ana zaton su ne, ciwon bai ko gezau ba. An yi ƙaho, an yi sakiya, ya shaƙi hayaƙin bagaruwa har idonsa ya yi ja. Na ce asibiti fa? Ya ce amininsa, wanda suka yi noman riɗi tare shekara talatin, haka ya fara da toshewar hanci. Aka kai shi Khartoum aka ce daji ne, aka yanka fuskar, aka dawo da shi a kwance. "Ni a bar ni in tahi da fuskata yadda Allah Ya yi ta."

Washegari bayan shayin safe na isar da saƙon Baba, kalma da kalma. Baffa ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Shi ya riƙe uwarmu har ta cika," ya ce. "Shi ya wanke ta ciwo, shi ya sa ta a ƙasa. Ni ina nan ina noman riɗi. Wa za ya yahe ma wa? Ni ne na gudu na bar mai kaya." Ya share ido da gefen rawani. "Ka ce mai na yahe, shi ma ya yahe min. To alhamdu lillahi. Abin da nika jira ke nan."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tayar mini da hankali. Na zo da saƙo don in sanyaya masa zuciya, sai ga shi kamar na kawo masa takardar sallama. Ranar ko abincin rana bai taɓa ba.

Bayan azahar barci ya ɗauke shi, kai a baya, yana minshari kamar injin ban ruwa. Inna Hauwa ta yafito ni, ta ce in kunna fitilar wayata in leƙa hancinsa, ita ta daɗe tana ganin wani abu amma ba ya bari a duba. Na leƙa. Can ciki, a kowace ƙofa, akwai wani abu fari-fari mai sheƙi, kamar ƙwayar inabi da aka ɓare. Muka koma bakin madafa.

Ta ce, "Ni na yi magana, 'ya'yansa sun yi, limamin gari ya yi. Mutum ɗaya ne bai taɓa tsallake maganarsa ba, ko a waya in ya kira sai ya gyara zama. Yayansa bai ce komai a kan asibiti ba?"

Bai ce ba. Na san bai ce ba. Amma da Baffa ya farka na je na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, akwai sauran saƙo, na bari ne ka huta. Baba ya ce kada in dawo masa sai na kai ka wurin likita na ji da kunnena abin da ya ce. Ya ce umarni ne, ba shawara ba."

Ya kafe ni da ido.

"Yaya ya ce hakanga?"

"Shi ya ce."

Sai ya juya ya ce, "Hauwa, ɗauko min jallabiyyata ta Juma'a."

Tsoho mai shekara saba'in da wani abu, mai jikoki goma sha, ya tashi kamar yaron da aka aika. Ni kuwa na kwana biyu ina istigfari.

Likitocin hanci a Madani suke, don haka muka koma arewa ta hanyar da na biyo. Batula tana aure a wani ƙauyen Hausawa a tsakiyar gonakin Jazira, bai fi tafiyar rabin sa'a zuwa birnin ba, a gidanta muka sauka. Mutanen wurin yawanci aikin gonar auduga da gyaɗa da albasa suke, gidajensu na ƙasa a jere a bakin magudanar ruwa. Sauron wurin kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, ta cikin riga yake cizo. Abincinsu wata 'yar siririyar waina ce ta dawa mai tsami, faffaɗa kamar takarda, suna kiranta kisra, ana ci da miyar busasshiyar kuɓewa. Kwana uku ina ci ina jin kamar ban ci ba. Batula ta lura, ta tuƙa mini tuwo da miyar kukar da na kawo, maƙwabta suka ji ƙanshin daddawa suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya.

Da labari ya bazu cewa ga baƙo daga Sakkwato, ban ƙara zama ni kaɗai ba. Wani ya tambaye ni ko na san gidan wane a Wurno, na ce wane ne shi, ya ce kakan kakarsa. Wata tsohuwa ta zo da sanda, ba ta nemi komai ba sai in yi ta magana tana ji, ta ce bakina irin na babanta ne. Hausarsu akwai tsofaffin kalmomin da rabona da su tun kakata, sai kuma a tsakiyar zance su juye Larabci ba su ma san sun juya ba.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Batula ba. Baffa ya ja tunga a bakin ƙofa. Na ce a hankali, "Baba ya ce." Ya shiga. Ta fesa masa wani magani, ta zura wani siririn bututu mai fitila a hancinsa, hoton ya fito a allo. Ga abubuwan nan cunkus, sun cika hanya dama da hagu. Baffa ya rufe ido ya ce da Larabci ta faɗa masa gaskiya, kwana nawa ya rage.

Ta ajiye bututun ta jawo kujera ta zauna daf da shi. Batula tana fassara mini. Ta ce wannan tsiron nama ne, su suna ce masa lahmiyya. Fatar cikin hanci ce take kumbura shekara da shekaru har ta zazzago. Ta ce shi tsiron kansa ba ya ciwo, ko an taɓa shi ba zai ji ba. Amma a cikin ƙashin fuska, a kumatu da goshi da tsakanin idanu, akwai ramuka da iska ke shiga, majina ke fita ta wasu 'yan ƙofofi. Tsiron ya toshe ƙofofin, abin da ke ciki ya rasa hanya, ga kumburi, shi ne nauyin da yake ji, shi ya sa in ya sunkuya yake ƙaruwa. Ƙanshi kuma can saman hanci ake jin sa, iska ba ta kaiwa.

"Daji fa?" Baffa ya tambaya.

Ta ce wanda ya fi ba su tsoro shi ne mai fitowa a gefe ɗaya, yana jini, yana ciwo mai tsanani. Nasa gefe biyu ne, kuma kamarsa ba ta wancan ba ce, amma ba za ta rantse ba sai an auna. Ta tambaye shi ko yana da asma. Ya ce a'a, sai dai in ya sha asfirin saboda fuskar ƙirjinsa yana riƙewa har ya yi ta huci. Ta ɗaga yatsa ta ce daga yau kada ya ƙara sha, shi da magunguna irinsa, masu irin wannan tsiron da yawa ba sa jituwa da shi. Sannan ta leƙa bakinsa ta ga gurbin haƙoran nan biyu, ta girgiza kai ta ce, "Waɗannan ba su da laifi, ya Haj."

Aka ɗauki hoton kansa. Ta ba shi ƙwayoyi na 'yan kwanaki, da maganin fesawa, da gora ta wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma, ta ce a dawo bayan mako biyu, wani lokaci magani kaɗai yana isa. Wankin hancin nan ya zama kallo a gidan Batula. Baffa ya zauna a kan turmi, ya matsa gora, ruwa ya bi ta baki, ya ƙware, ya yi ta faɗa yana cewa shi alwala biyar ya sani, ga wata yarinya ta ƙara masa biyu. Nauyin ya ragu kaɗan, ya fara cin abinci. Amma da muka koma ta duba ta ce sun yi girma da yawa, sai an yi aiki.

Ya dafe kumatunsa. "Ta ina za ku yanka?"

"Ba inda za mu yanka. Ta ƙofar hanci za mu shiga, ta nan za mu fito."

Ya sa ta maimaita sau biyu, sannan ya juyo ya ce in gaya wa Yaya cewa ya bi umarni har ƙarshe.

Ranar aikin, da hantsi, na ga wata al'ada da ta fi tamu. Mu mukan je dubiya mu gaisa mu tafi. Su tarewa suke. Mutanen ƙauyen Batula suka cika mota guda, Attayib ya kawo Inna Hauwa daga Abu Hujar, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyin harabar asibitin, ga butocin shayi, ga kwanukan abinci, har masu jinyar wasu ana kira su zo su ci. Ina ta tunanin in tsohon nan bai farka ba, da ƙaryata ya shiga ɗakin nan, kuma da sunan Baba.

Bayan kamar sa'a biyu aka gunguro shi, an manna masa auduga a ƙarƙashin hanci. Muka kewaye gadon. Can ya buɗe ido, ya ɗaga hannu a hankali ya shafa goshi, ya shafa kumatu, ya shafa haɓa. Duk suna nan. Leɓensa ya motsa, Inna Hauwa ta sunkuya ta kara kunne, mu duka mun yi tsit muna jiran mu ji wasiyya ko kalmar shahada. Sai ta ɗago tana dariya tana kuka.

"Wai a gaya wa Idirisu jakin nan aro ne."

Bayan kwana biyu aka zare abin da aka cusa masa a hanci, ya ja iska ya ce sanyinta har ƙwaƙwalwa. Sakamakon awo ya fito, ba daji ba ne. Likita ta ja masa kunne cewa irin wannan tsiro yana iya dawowa, maganin fesawa da ruwan gishiri sun zama abokan zamansa, kuma kada ya sunkuya ko ya fyace da ƙarfi sai ta ba shi izini. Ta ce ƙanshi zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa, kada ya sa rai da yawa.

Jin ƙanshin ya dawo, amma daddawar ta riga ta ƙare, maƙwabtan Batula sun ga bayanta. Wata safiya, kwana goma sha da aikin, muna shan shayi a tsakar gida sai Baffa ya yamutsa fuska, ya waiga dama ya waiga hagu.

"Batula, mi ke wari hakanga?"

Garken tumakin mijinta ne, taku biyar daga inda ya yi wata guda yana kwanciya. Ya ce tun yaushe ake ajiye shi a cikin wannan ƙazanta ba wanda ya gaya masa? Batula ta saki buta ta rangaɗa guɗa. Ranar sai da ya sa aka kawo masa duk abin da ke gidan yana shinshinawa, lemun tsami, sabulu, citta, har kan jaririyar Batula.

Ranar da likita ta ba shi izinin sunkuyawa, la'asar ta same mu a masallacin ƙauyen. Ya ture kujerar da aka saba ajiye masa ya shiga sahu kusa da ni. Da aka yi sujada aka ɗago, shi bai ɗago ba. Liman ya yi kabbara ta biyu yana nan. Na fara tunanin in sallame in tallafe shi, sai na ji ya motsa. Bayan sallama na ga sawun tabarma a goshinsa, gemunsa a jiƙe. Ban tambaye shi komai ba.

Hutuna ya ƙare, daga Madani zan wuce Khartoum. Baffa ya dage sai ya raka ni tasha. Ya cika mini jaka da riɗi da gahawa da turare, ya riƙe hannuna ya ƙi saki har mota ta fara motsi.

"Ka ce ma Yaya na gode. Wallahi da ba shi ya ce ba, ko ɗaure ni aka yi ba ni zuwa."

Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, na kasa. Na ce zan gaya masa.

Na iso gida da takalmin roba na Attayib a ƙafata. Baba yana zaure. Na ba shi labari tun daga daddawa har jaki, yana dariya yana share ido. Na faɗa masa amsar Baffa a kan neman gafara. Sai na gyara durƙuso na ce akwai abin da na yi da sunansa ba da izninsa ba, na faɗa masa duka, har da "umarni ne, ba shawara ba".

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Ka ce masa ni na ce?"

"Na ce, Baba."

"Kuma ya tashi?"

"Ko musu bai yi ba. Jallabiyya kawai ya nema."

Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, ban san dariya yake ko kuka ba. Can ya ce, "Shekara hamsin ina zaton yaron nan ya cire ni daga matsayin yayansa." Ya laluba tabarma ya ɗauko wayarsa ya miƙo mini. "Ƙarya ba kyau, ka nemi gafarar Allah. Amma in ya tambaye ka, ni na ce. Kira mini shi, in ji ko yana wanke hancin nan yadda aka ce masa."